Tagar da Baba ya ce a bari

Ina jona jar waya da batir, sai ga tashar ta haskaka gaba ɗaya.

Baba ne ya gina 'yar ƙaramar tashar da kara da kwali a zaurenmu na Yalwawa, kwaikwayon tashar jirgin ƙasan da ya yi wa aiki. Ni kuma na sa mata ƙananan ƙwayayen matacciyar tocila.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hadiza, kashe sauran, bar tagar gefe. Shafa wa ƙwanta manja, hasken ya yi fari da yawa."

"Ɗakin wa ne, Baba?"

"Nan marigayiya babarki take jiran jirgina da fitilar kananzir."

Na shafa. Har aka kira la'asar bai motsa ba.

Ku fa, wace taga za ku bari a kunne?