Guɗar Goggo Hanatu

Kawuna Agali mai gyaran rediyo ne da ampili, na'urar nan da ke ƙara wa murya ƙarfi. Rumfarsa na bakin kasuwar Dakoro, kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake ganin wata ɗabi'a tasa: duk ampilin da ya gyara, sai ya ɗora shi a amalanke ya kai gidan goggonsa Hanatu kafin mai shi ya karɓa. Sai da na girma mahaifiyata ta faɗa mini dalili.

Goggo Hanatu gwana ce wurin guɗa. Daga Mai Yara har Sabon Maci, bikin da ba ta je ba mata kan ce bai ƙosa ba. Da Elhaji Salihu zai aurar da ɗansa, ya kawo wa Kawu ampilinsa da ya ƙone. 'Yar piyes ɗin da ta mutu, ɗaya daga ƙananan kayan cikinsa, babu irinta a Dakoro, sai Maradi, ga biki ya matso. Kawu ya ciro wata daga tsohuwar rediyo ya liƙa. Ya ɗauki mikoro ya ce, "Alo, alo," da muryarsa mai kauri, ta fito tas. Ya rufe akwati.

Shi ya bayyana mini kuskuren daga baya. Ya ce cikin ampilin hanya biyu ce, kamar mata biyu a turmi guda: taɓarya ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Kowace piyes da iyakar saurin da take iya ɗagawa da saukewa. Muryar namiji a hankali take hawa, ko raguwar piyes tana bin ta. Guɗa kuwa siririya ce, ga ƙarfi, ga sauri. Piyes ɗin da ya sa ba ta gama ɗagawa ba an ce ta sauke.

Ranar biki Goggo ta riƙe hanci ta rangaɗa. Abin da ya fito daga amsa-kuwwa kamar ana yaga buhu. Fili ya ɗauki dariya. Wata ta ce, "Hanatu, akuya kika haɗiye?" Wata ta ce tsufa ne, a kai ta gida. Kawu na tsaye jikin akwatin, ya san abin da ya faru, amma Elhaji na kallonsa. Ya yi shiru.

Goggo ta yarda muryarta ce ta tafi. Ta bar zuwa biki. Ko sunan jikanta da aka yi, tana ɗaka.

Kawu ya rame da abin. Da ampilin ya dawo hannunsa ya sa masa piyes ta gaske, ya kai shi tsakar gidan Goggo, ya durƙusa.

"Goggo, ba muryarki ba ce. Aikina ne."

Ta daɗe tana tsintar wake. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar."

"Kana tsaye suna ce mini akuya?"

Bai ɗago ba. Ya miƙa mata mikoro. Ta juya shi a hannu, ta goge da bakin zane, ta rangaɗa. Kajin gidan suka watse, muryar ta fito garau.

"To, na ji," in ji ta. "Ina waɗanda suka yi dariyar?"

A taron suna na gaba Kawu ya karɓi mikoro ya faɗi laifinsa gaban jama'a. Wasu suka ce Allah sarki, wasu ma sun manta. Aka aika wa Goggo da goron gayyata. Ta ce ta gode, ƙafarta na ciwo.

Har yau ba ta koma biki ba. Kawu dai yana turo amalankensa, ya cire takalmi a ƙofa, ya ce, "Goggo, ga wani." Ita kuma ta ce, "Kunna mu ji, sarkin alo-alo."

Maƙwabta na jin guɗarta ta kan katanga. Shi kuwa ban taɓa ganin ya ɗaga kai ba sai ta gama.