Karkatattun Haruffan Kawu

Jiya ina kakkaɓe akwatin Umma sai wani tsohon katin ɗaurin aure ya faɗo. Ina ganin haruffan nan sirara da suka karkata dama, kowanne da 'yar wutsiyarsa, wallahi sai da idona ya ciko.

Shekarata tara a lokacin, muna zaune a Xiaobei, wata unguwar baƙin 'yan kasuwa can ƙasar waje, inda Abba ke da ɗan ofishin tura kaya gida. Kawu, yayan Umma, tsohon ma'aikacin maɗaba'a ne a Kano. Da aikin ya mutu, Abba ya ɗauko shi ya riƙa buga takardun da ake manna wa kwalaye. Mutum ne mai zuciya, ba ya son a ce ciyar da shi ake yi.

Shi fa Kawu ya mutu a kan rubutun nan. Yakan zaunar da ni gaban kwamfuta, ya ƙara girman harafi ɗaya ya ce, "Duba nan, 'yar Kawu. Inda alƙalami ya danna ya yi kauri, inda ya ɗaga ya sirance. Hannun mutum aka kwaikwaya."

Da daminar shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar, ana ta zuba ruwa har bango na gumi, sai ya buga sunan wani Alhaji ɗan Maraɗi da haruffan a kan kwalayen atamfa. Kyau kam ya yi kyau! Amma a tashar jiragen ruwa ta Huangpu lema ta taɓa takardun, siraran layukan suka narke, masu lodi suka kasa karantawa. Jirgi ya tashi ya bar wa bawan Allah kayan Sallarsa.

Abba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, ka huta," ya kai aikin wani shago. Kawu ya daina cin abinci da mu. Ranar da na ga yana ninke kayansa cikin jaka na sha kuka, don shi kaɗai ke sauraren surutuna a garin nan.

Ana cikin haka sai ga Alhajin. Duk muka ce rigima ta zo. Ya zauna, ya ciro takardar kwali ɗaya da ruwa bai taɓa ba, ya ce, "Malam, ka ja mini asara, ba ƙarya. Amma ban taɓa ganin sunana da kwarjini haka ba. Ɗana zai yi aure, katin nake so da wannan rubutu."

Kawu ya dubi takardar, ya ce, "Laifina ne, Alhaji. Rubutun nan ba ya kiran mutum daga nesa, sai wanda ya matso."

Ranar nan ya ci tuwo da mu, har da ƙari. Jakar kuwa ta koma ƙarƙashin gado.

Yanzu gayyata ta koma waya, a tura a goge. Da Kawu ya rasu bara, 'yan'uwa suka ce a tura sanarwar addu'arsa hakanan. Na ce sam. Na je maɗaba'a na tsaya a kan mai injin har ya nemo haruffan nan. Shi da ya gyara sunayen mutane da yawa, ranar aka fara buga nasa da su.