Gwiwoyin Maman Kindness

A da, kowace Asabar, kafin ƙarfe bakwai, Maman Kindness ta riga ta jiƙa yumɓu, ta tattaka shi da ƙafa, ta tsince tsakuwar ciki, ta kife tsofaffin turame goma sha biyu a ƙarƙashin mangwaron gidanta da ke Ushafa, a wajen Abuja. Ƙarfe tara nake isowa da 'yan firamaren da nake koyarwa, na gaji tun daga hanya, in tarar da ita, da ta girme ni da shekara ashirin, tana tsaye tana jiranmu. Shekara ashirin da uku ke nan tana koya wa yara ginin tukwane da hannu. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, ba kuma wanda ya taɓa miƙa mata ko takardar yabo.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka a zaune ake yi. Ina! Kan turmi ake ɗora yumɓun, maginiya ta sunkuya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, ta yi ta zagaya turmin da baya da baya har tulu ya tashi. Mama ba ta iya dogon bayani ba. Sai dai ta tsaya bayan yaro, ta ɗora hannunta a kan nasa, su zagaya tare. Yara goma sha biyu, kowa zagaye talatin ko arba'in, ku yi lissafin da kanku.

Bernard, direban da ke kawo mu, shi ya shaida ranar da wata uwa daga unguwar Gudu ta ce a sayo injin da ke juya tukunya, yara su zauna su huta. Mama ta ce, "Madam, a nan tukunya ba ya juyawa, mutum ne yana juyawa. In ƙafa bai koya ba, hannu ba zai sani ba." Ni kuma a idona giwar da Mubarak ɗan aji huɗu ya gina ta fashe a wuta, don ya rufe iska a cikinta. Yana ta kuka. Ba ta lallashe shi ba, sai ta miƙa masa sabon yumɓu da tsinke, ta nuna masa inda ake huda cikin giwa.

Bara gwiwoyinta suka ce sun gama. Likita ya hana ta sunkuyo, ta yi kunnen uwar shegu da shi, har ta faɗi a gaban yara bayan bikin Ista. Tun daga nan a kujera take zama tana ba da umarni. Na gwada maye gurbinta, zagaye biyu jiri ya kwashe ni, yara suka sha dariya. Da suka rasa mai riƙe musu hannu sai suka zauna suna juya yumɓun a kan faranti, tukwanen suka fito a karkace kamar tsohuwar hula. 'Yarta Kindness tana aiki a Legas. Mama ta ce mini, "Tica, ba ni da wani ƙafa. In ba wanda ya zo, abin ya ƙare a nan." Raina ya ɓaci.

Watan jiya Marvel ta zo gaishe ta, tsohuwar ɗalibarta ce, yanzu nas a Karu. Ta ga halin da ake ciki, ta cire takalmi, ta ɗaura zani, ta tsaya bayan wata yarinya. Shekara goma sha biyar rabonta da yumɓu, amma ƙafarta ba ta manta ba. Ta ce za ta iya ba da Asabar ɗaya a wata, ba ƙari.

Ke ce kika ƙarar da gwiwoyinki a kan 'ya'yan mutane, Mama, ba ki taɓa tambayar wace coci ko wane masallaci suke zuwa ba. Maginiyar da ba ta gajiya, yau kin gaji, kuma kina da gaskiya. Mun gode. Allah ya saka miki, ya sassauta miki ciwon nan.

Ku kuma da kuka taɓa zagaya turmi a gidan nan, na san kuna da yawa a ofisoshi da kasuwannin Abuja, na kuma san kowa a gajiye yake. Marvel ta ɗauki Asabar ɗaya, saura uku. Jibi ma yara za su zo, Mama za ta jiƙa yumɓu daga zaune, kuma har yanzu ban san wanda zai tsaya a bayansu ba.