Haƙurin da Aka Koya Miki, Yaya Fanta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 21 ga Fabrairu, 1956, da hantsi, Allah Ya karɓi ranki a asibiti, Yaya Fanta, bayan ciwon daji ya cinye miki nono. Tun ranar gidanmu na Fagge yake cike da masu cewa Fanta akwai haƙuri. Wannan yabon ne yake ƙona mini rai.

Kina 'yar shekara biyar innarki ta rasu, aka yi ta miƙa ki riƙo, daga Kwaciri zuwa gidan Kawu Ari, kowane gida da nasa "kar ki dame mu". Can kika koyi cewa yaro mai kuka ba ya daɗewa a gidan mutane. Kika girma kina bayarwa, ba kya karɓa. Ni 'yar baffanki, ke kika zauna mini jego, kina dafa ruwan wanka safe da yamma. Ran da na ce zan daka miki gero kuwa, fushi kika yi.

Da wannan halin kika je wa likita. In ya zo zagaye sai ki gyara zane, ki tashi zaune, ki ce babu komai. Maƙwabciyar gadonki tana kuka tana riƙe rigar duk nas ɗin da ta gifta, ita ake yi wa allurar rage zogi. Ke kuwa likita ya gyaɗa kai ya wuce. Mai karatu irin nasa bai san ciwon nan yana da zafi ba?

A cikin nas-nas ɗin, Sista Philomena 'yar Sabon Gari kaɗai ta gane ki. Ba ta tambayarki, zama take yi ta tsefe miki kai, har rannan kika ce mata, "Ƙanwata, wuta ce a ƙirjina." Ta sa aka fara yi miki allura. Ba a jima ba aka mayar da ita ɗakin maza. Ta roƙi a bar ta wurinki, aka ce kowace nas ta iya allura. Kika juya fuska bango, ba ki sake gaya wa kowa ba, su ma suka daina yi miki allurar.

Mu muka yi miki wanka. Bayan hannunki duk shatin haƙoranki ne, sabo a kan tsoho.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Ina yi wa mijinki Malam Sammani da 'yarki Huseina ta'aziyya, Allah Ya ba su dangana. Huseina, in wani abu ya yi miki ciwo, ki faɗa da ƙarfi.