Ranar da Ƙanena Ya Kori Mai Sonsa

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da ranar da ƙanena ya wulaƙanta yarinyar da ke sonsa a tsakar gidanmu na Arkilla ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ƙanen nan nawa gajere ne, baƙi, mai fara'a, malami a wata sakandare. Bai taɓa ganin aibin halittarsa ba sai da ya shiga wani zauren samari a waya. A can suke tura hotunansu, a duba tsawo da hanci da hasken fata, a ba kowa maki kamar ana tayin ragon layya. Suka saka shi a sahun ƙarshe, suka ce mace ba ta son irinsa, wai an gama da shi tun ranar haihuwa. Ya daina zuwa biki, ya daina raha. In Inna ta yi masa zancen aure sai ya ce, "Inna, ƙaddara ce, ni ba ni cikin waɗanda ake so."

Ana haka sai ƙanwar wata ƙawata, ɗalibar jami'a mai natsuwa, ta faɗa mini cikin kunya cewa ta daɗe tana sonsa. Murna ta cika ni, na gaya masa, na gayyace ta cin abincin rana. Ashe ya ɗauki hotonta ya tura wa 'yan zauren. Su kuwa suka yanke hukunci: kyakkyawa irin wannan ba za ta dube shi ba, sai dai in abin kunya ta yi take neman mai rufa mata asiri.

Ta zo, ta gaishe da Inna, ta gaishe shi kanta a sunkuye. Bai amsa ba. Yana tsaye da waya a hannu ya ce, "Mi kike nema gare ni? Wa ya yaudare ki ya gudu, kika ga ni ne sakaran da za ya kwashe?"

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya cika da hawaye. "Na ɗauka kana da hankali," ta ce, ta gyara mayafinta ta fita. Na bi ta, amma kafin in kai bakin titi ta hau keke napep.

Na dawo na tare shi. "Kai, 'yar mutane ka yi ma ƙazafi?" Sai ya miƙo mini waya, wai in duba, kowa haka ya ce. Kowa! Mutanen da bai taɓa gani ido da ido ba, waɗanda ko sunayensu na gaskiya bai sani ba.

Inna ce ta kashe bakinsa. "Ni na haife ka, kuma ban ce an gama da kai ba. Ubanka ko kahwaɗarka bai kai ba, kuma ni da bakina na ce shi nike so."

Daga baya ya fita daga zauren, ya je har gidansu ya ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma kada ya sake zuwa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Yanzu tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta.

Abin da na koya shi ne, duk wanda ya sa ka yarda ba mai sonka ya cuce ka, domin ranar da mai sonka ya zo, da bakinka za ka kore shi.