Saniyar Da Na Ba Mai Nutso

A farkon shekarun tamanin ni matar aure ce mai 'ya'ya uku a wani ƙauye kusa da Funtua. Maigidana manomin auduga ne, da rani kuma yana noman tumatir a bakin madatsar ruwa. Mace ce ni mai kunya a lokacin, ko ido ba na iya haɗawa da yayansa, Alhajin da ke riƙe da gidanmu.

Wata Laraba kwalekwale ya kife da maigidana a madatsar. Kwana biyu ana nema ba a ga gawarsa ba, sai aka ɗauko wani dattijon masunci daga wajen Bakori wanda ya yi suna wajen nutso. Da aka tambaye shi ladansa, ya ce shi ba ya ciniki a kan gawa, abin da masu ita suka ga dama su ba shi. Tun hantsi yake shiga yana fitowa, daga shi sai gajeren wando da igiya a ƙugu. Gab da la'asar ya ciro maigidana daga cikin rassan wata bishiya da ruwa ya cinye. Albarkacinsa aka yi wa uban 'ya'yana sutura.

Bayan jana'iza masuncin ya tsaya a ƙofar gida. Ina leƙe ta jikin zana na ga jini ya bushe a kunnensa. Alhaji ya miƙa masa goro biyu da kuɗin mota, ya ce ai aikin lada ne, sauran yana wurin Allah. Dattijon ya karɓa, ya yi ta'aziyya, ya tafi. Ni kuwa na yi shiru. Wannan shirun ne kuskurena, har yau yana cin raina.

Ranar da na fita takaba na kwance saniyar da mahaifina ya ba ni, na sa wana ya raka ni har gidan mutumin. Na tarar kunnen ya mutu, ya daina shiga ruwa mai zurfi. Sau uku yana mayar mini da igiyar, ya ce marayuna sun fi shi buƙata. Na ɗaure ta a turkensa na juyo.

Kafin in dawo magana ta riga ni gida. Alhaji ya tara dangi, ya ce na kunyata su a idon duniya, wasu har da cewa aure nake nema wurin masunci. A karon farko na ɗaga kai na dube shi, na ce, “Alhaji, saniyar tawa ce, wanda aka ciro kuma mijina ne.” A makon nan na kwashe 'ya'yana na koma gidanmu a Malumfashi. Da sayar da ƙosai na raine su, ba wanda ya leƙo mu daga can.

An sha cewa in je in ba da haƙuri. Ban je ba, ba kuma zan je ba. Abin da nake nadama kawai shi ne wata huɗu da kwana goman da bawan Allah nan ya yi yana zaton haka muka ɗauke shi duka. Don haka, mai karatu, in mutum ya sa ransa a hatsari dominka ya ce ka ba shi abin da ka ga dama, mutuncinka ya bar maka ka auna. Ka ba shi tukuicinsa tun jikinsa bai bushe ba, ko ran wa zai ɓaci.