Wa Zai Yi wa Zaure Yaɓe?

Shekarar da Yaya ya zo bikin kammala karatun 'yarsa a Salford ta ƙasar Ingila, da magana ya zo a bakinsa: zai rushe zauren marigayi Baba ya zuba bulo. Ni kuwa a zauren nan aka yi mini aski na farko, a nan na sha bulalar da ta isa a raba wa unguwa guda. Ban yi musu ba, don ba a musu da Yaya. Dabara na shirya.

Da na ɗauko shi daga Manchester zuwa gidana a unguwar Perry Barr ta Birmingham, sai na ratse zuwa wani ƙauye mai tsofaffin gidaje. Gungumen katako baƙaƙe a tsaye da a gicciye, tsakaninsu farin bango, sama jinkar ciyawa. Benen ya turo ciki gaba kamar ni bayan tuwon sallah. Ƙofa kuwa, ko akuya sai ta sunkuya.

Yaya ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai.

"Allah sarki. Ashe su ma akwai talakawa. Hukuma ba ta taimaka musu da kwano?"

Na ce, "Yaya, mai wannan gidan zai iya sayen flat ɗina ya zuba kaji. Ko taga doka ba ta yarda ya canza ba."

Na shiga zuba bayani. Babu ƙusa a jikin katakon nan, turakun itace ne suka riƙe shi. Bangon tsumagu ne aka saƙa, aka shafe da laka da ciyawa da kashin shanu. Na ce, "Ka gani? Kayanmu ne sak. Su suna tattalin nasu."

A gefen wani gida akwai dattijo bisa tsani, yana cike tsagar bango da hannunsa. Shi Yaya ya tsaya kallo, ya manta da ni.

"Wancan lebura ne?"

Na tambaya. Mai gidan ne.

"A ciki yake kwana?"

"A ciki."

"To, malam mai lacca. Shi yana ciki, yana jin inda ke yoyo. Kai kana nan kana turo mana saƙo, a kula da zaure, a kula da zaure. Bara da azara ta tsage, kan wa ƙasa ta zubo?"

Na juya na nufi mota. Ni zauren da nake so na cikin kaina ne, kuma shi ba ya yoyo.

Sai da muka shiga mota ya ce, "Na bar shi bana. Amma kafin ruwan farko ka zo da kanka, ka tuɓe takalmi ka taka ƙasar yaɓe. In ba ka zo ba, kada ka kira ni."

Na ce to. Har muka shiga Birmingham ina tunanin yadda zan roƙi hutu a wurin aiki, da yadda gwiwar nan tawa za ta yi da laka.